Yatsu Biyu a Kafaɗa

Ustaza Ganiya tana cikin goge allo Ammi Sa'id mai gadi ya leƙo ya ce Si Mulud na kiranta. Shugaban makarantar ba ya aiko mai gadi sai magana ta yi nauyi. In ƙarama ce, waya yake bugawa.

"Shi kaɗai ne?"

"Da baƙo, 'yata. Motarsa na bakin ƙofa, ko kashe ta ba a yi ba."

Ta san dalilin. Jiya ta koya wa 'yan ajin ƙarshe tarihin Japan: sarki yana zaune a fadarsa ana yin komai da sunansa, amma shogun, babban kwamandan mayaƙa, shi ke naɗawa shi ke saukewa. Da ta zo kan kalmar shogun, hannunta ya tafi da kansa, ta taɓa kafaɗa da yatsu biyu. Haka kowa yake yi a garin in zai ambaci manyan soja, a kasuwa ko a tasi, har a gidan makoki. Ba a kiran suna, inda taurarin muƙami suke zama kawai ake taɓawa. Ajin ya fashe da dariya, wani ya ɗauka a waya. Kafin magariba ƙanwarta da ke birnin Annaba ta turo mata bidiyon.

A baranda ta ci karo da Wahiba, malamar lissafi.

"Ke da shogun ɗinki! Ki ce sauro ne ya cije ki."

"Sauro a Janairu?"

"To ki ce ciwon kafaɗa. Ai duk ƙasar da shi muke fama."

Ganiya ba ta yi dariya ba. Bara a kan maganar da ba ta kai wannan ba aka mayar da malamin falsafa wata makaranta can ƙarshen hamada. Ita kuwa tana da uwa a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai Ganiya.

Baƙon yana zaune cikin kayan gida, kofin gahawa a gabansa bai taɓa ba. Si Mulud ya ce Kanar Hashimi ne, mahaifin Nasrin. Ganiya ta tuna yarinyar, layin gaba, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba jiya.

"Yallaɓai, Ustaza ta daɗe tana fama da kafaɗa," in ji Si Mulud, "har likita..."

Kanar ya katse shi. "Si Mulud, gahawar ta huce. A taimaka da wata."

Shugaban ya ɗauki kofin da kansa ya fita.

Wayar Kanar ta yi ƙara a kan tebur. Ya duba, ya kifa ta. Makon nan kullum rediyo sai ya ambaci manyan sojan da aka sallama a babban birni.

"Nasrin ta ce mutanen nan sun yi shekara ɗari bakwai suna mulki."

"Kusan haka, Yallaɓai."

"Daga nan fa?"

"Na ƙarshensu ya mayar wa sarki mulki. Ya koma gida, ya tsufa yana farauta da ɗaukar hoto."

"Wannan babba ne. Manya ba sa rasa wurin zama." Ya matso da kujera, ya rage murya. "Na ƙasa da shi nake tambaya. Waɗanda suka yi masa aiki, suka sa hannu a abin da aka ce su sa."

Sai a lokacin ta dube shi sosai. Gefen wuyansa da yanka, ya yi aski cikin gaggawa. Wayar ta sake ƙara, ya ɗora tafin hannu a kanta.

Ta san amsar duka. Wasu sun gudu arewa an bi su an kashe. Wasu sun sayar da takubbansu don abinci. Wasu kuma aka ba su daji suka sare.

"Da yawa sun koma noman shayi," ta ce. "Har yau ana shan shayin wurin."

"Shayi. Mahaifina ya bar min itatuwan zaitun a ƙauye. Wallahi ko lokacin kaɗe su ban sani ba."

"Yanzu ne lokacin, Yallaɓai. An kusa gamawa ma."

Si Mulud ya shigo da gahawa yana ta ba da haƙuri. Kanar ya miƙe.

"Darasi ne mai kyau. Kada a kai maganar ko'ina." A bakin ƙofa ya juyo. "Ustaza, akwai alli a kafaɗarki."

Ta kakkaɓe. Sai da ƙarar motar ta ɓace sannan ta bar ofishin.

A aji ta buɗe littafi inda suka tsaya. Shafi na gaba yaƙin arewa ne, da hoton gawarwakin mayaƙan shogun a gindin ganuwa. Nasrin tana layin gaba, ta cire murfin biro tana jira.

Ganiya ta lashi yatsa, ta haɗa shafi biyu ta juya.

"Yau za mu shiga ƙasar Sin," ta ce.