Furfurar Sirajo

Sirajo ya rasu da damina, bai kai shekara talatin ba. Ya bar rumfar yadi a kasuwa da waya mai tsagaggen gilashi. Rumfar ta koma hannun kawunsu, wayar kuma ta faɗo wa ƙanwarsa Rahama.

A cikin wayar akwai wani wasa na masarautar zamanin da, mai ganuwa da fadar dutse, inda mutum ke ƙirƙirar ɗan mutum ya ba shi sana'a, ya yi masa aure, ya bi shi har tsufa. Sirajo, wanda ko kaza bai taɓa kiwo ba, ya zaɓi kiwon tumaki. Ya ba makiyayin sunansa da dogon wuyansa, har da wushiryar. Ba a san inda ya samu haƙurin yin wannan aiki ba, shi da ko layin awo ba ya iya tsayawa.

Rahama ta yi kuskuren nuna wa Inna, mahaifiyarsu. Tun daga ranar, da an idar da la'asar sai Inna ta jawo tabarma gindin bishiyar dogon yaro.

"Buɗe min shi in gani."

Sai su zauna suna kallon makiyayin yana kora tumaki, yana gaida maƙeri, yana cin burodi a tsaye. Inna takan yi masa faɗan cin abinci a tsaye.

Abin da Inna ba ta sani ba shi ne, lokaci ba ya tafiya a wasan sai an buɗe shi. Kowane zama na cin wani abu daga kwanakin makiyayin, kuma tsofaffin masarautar mutuwa suke yi. Rahama ta bincika ko'ina ba ta ga inda ake tsayar da shekaru ba. Tsoro ya kama ta. Ta fara kawo dalilai: yau babu caji, gobe wayar ta yi zafi. Inna ba ta musu, sai dai ta aika a yi cajin a shagon bakin titi.

Wata Laraba suka buɗe, sai ga makiyayin ya fito da sanda, gemunsa fari fat. Rahama ta kife wayar a cinyarta.

"Mi kika ɓoyo?" in ji Inna.

"Inna, tsuhwa shika yi. In munka ci gaba da buɗewa, mutuwa za shi yi. In munka bar shi ruhe, yana nan yadda shike."

Inna ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da idonta. Ta daɗe tana duban farin gemun da ranƙwafaffen bayan. Ba ta yi kuka ba.

"Ashe haka hurhura za ta yi mishi kyau," ta ce.

Ta miƙa wa Rahama wayar, ta gyara zama.

"Bar shi shi tsuhwa, ɗiyata. Wancan bai samu ba."