Ka Kayar da Ni, Malam

Auta ce kaɗai ta shiga zauren jarrabawa ranar nan tana roƙon Allah ya kayar da ita.

Dokar jami'arsu ce ta kai ta ga haka. A shekarar farko ana haɗa ɗaliban kimiyya wuri ɗaya, a ƙarshe a raba su gwargwadon maki. Wanda ya ci komai, inda makinsa ya ajiye shi nan zai zauna, ko zai yi kukan jini. Wanda kuwa ya faɗi babban darasi ɗaya, sai a goge masa shekarar ya sake daga farko, sau ɗaya tak. Auta likita take son zama tun tana yarinya, lokacin da ita ke yi wa Mama allurar ciwon suga don yayyenta duk matsorata ne. Amma zazzaɓi ya kwantar da ita a zangon farko, makinta ya zube. Ta yi lissafi ta ga ko ta cinye sauran jarrabawar tas, sashen ilimin tsirrai za a jefa ta. Ta zo duba mutane, a haɗa ta da ganye!

Yayanta direba kaɗai ta gaya wa shawarar da ta yanke. Ya dube ta ya ce:

"Ke dai ba ki da hankali. Mutane na neman ci, ke kina neman faɗuwa? In Mama ta ji fa?"

"Yaya, shekara ɗaya ce. In na wuce yanzu, na wuce ke nan har abada."

"To Allah ya ba da sa'a," ya ce, sannan ya sosa ƙeya. "Ko kuwa ya hana, ban ma san wadda zan roƙa miki ba."

Darasin sinadarai ta zaɓa, saboda mai koyar da shi. Tsoho ne siriri, ɗalibai na kiran sa Almakashi, don ba a taɓa jin ya yi wa wani alfarmar rabin maki ba. In faɗuwa kake nema, a hannunsa ba za ka sha wahala ba.

Da aka raba takardu ta duba, sai gabanta ya faɗi. Babu tambayar da ba ta sani ba. Ta ce bari ta ɗan taɓa ta farko, kada a ce ta miƙa farar takarda, amma hannunta ya ƙi jin magana, ya amsa ta tsaf har ƙarshe. Nan ta ajiye biro ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinya. Ko'ina ƙarar rubutu kake ji, ita kuwa amsoshi na yi mata yawo a ka. Baƙin ciki ya kama ta, hawaye suka dinga ɗiga a kan tebur. Almakashi ya zo wucewa, ya ɗan tsaya a kanta, sannan ya wuce.

Ranar da sakamako ya fito, ƙawayenta suka rungume ta suna ihu. Ta ci sinadarai, daidai kan makin wucewa, ba ƙari ba ragi. Sashen tsirrai ya samu sabuwar ɗaliba.

Ba ta san yadda ta hau benen ba. Ofishin Almakashi ɗan ƙarami ne, kwalaye jibge a ƙasa, ya fara kwashe littattafansa don ritayarsa ta kusa. Da ya gan ta sai ya yi murmushi, abin da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba.

"Zauna, 'yata. Ba sai kin yi godiya ba."

"Malam, tambaya ɗaya na amsa."

"Na sani. Na karanta amsar, na ga kukan da kika yi, na tambaya aka ce kin sha jinya. Tun da na fara koyarwa ban taɓa ƙara wa kowa maki ba. Na ce bari in yi sau ɗaya kafin in tafi, ko na samu abin gaya wa Ubangijina."

Auta ta zube a ƙasa tsakanin kwalayen.

"Don girman Allah, Malam, ka kayar da ni. Da gangan na bari. Likitanci nake so, kuma faɗuwar nan ce kaɗai hanyar da ta rage mini."

Murmushin ya ɓace. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

"Majalisar jami'a ta riga ta amince da sakamakon," ya ce a hankali. "Ba a canja shi sai in malami ya rubuta da hannunsa cewa ya ba da makin da ba a ci ba. Kin san abin da ake yi wa irin wannan malamin?"

Ta sani. Kwamitin bincike, kora, sunan da ya yi shekaru yana tattali ya tafi a banza, wataƙila har da fanshonsa.

Ya jawo farar takarda, ya buɗe biro.

"Ni na yi shisshigi, ba ki roƙe ni ba. In kin ce in rubuta, zan rubuta. In kin ce a bari, tsirrai ma ilimi ne."

Auta ta dubi furfurarsa, ta dubi tsohon takalminsa da ya sha ɗinki. Tausayinsa ya kama ta, ta ji ta tsani kanta tun kafin ta buɗe baki. Ta so ta ce a bari. Ta ma shirya kalmar a kan harshenta.

"Rubuta, Malam."

Ya gyaɗa kai, bai dube ta ba. Iskar fanka ta dinga ɗaga takardar yana kasa riƙe ta. Auta ta miƙe, ta sa yatsunta ta danne masa gefen, tana kuka, har ya sa hannu.