Muryar Inusah a Bakin Wani

Inusah bai taɓa shiga gidan wasan kwaikwayo ba sai ranar Lahadin nan, kuma da ya san irin wasan da ake yi a ciki, da ko bakin ƙofar bai je ba.

Abin ya faro ne tun lokacin zafi. Wata yarinya mai suna Sa'adiyya, 'yar wani likita Bakano, tana karatun rubuta wasan kwaikwayo a jami'a can Manhattan, ta riƙa yawo tsakanin unguwannin Tompkinsville da Park Hill, a tsibirin da Inusah yake zaune, da 'yar rikoda a jaka, tana neman wanda zai ba ta labarinsa. Ta sami Inusah a shagon da yake sayen garin kenke, tuwon masara irin na garinsu, ta durƙusa ta gaishe shi kamar a gida aka rene ta. Wannan gaisuwar ce ta cinye shi.

Ta ce, "Kawu, da can a ƙasar nan wasan kiɗa da ban dariya aka fi yi. Sai wasu marubuta suka zo suka ɗora falon gida da kicin a kan dandamali, suka nuna uba da 'ya'yansa suna tone-tone, suka nuna ɗan talla da kasuwa ta juya wa baya. Daga baya baƙaƙen fata suka kawo nasu unguwannin. Yanzu kuma akwai masu cewa marubuci ya yi shiru, a ɗauko magana daga bakin mutane."

"To mu kuma fa?"

"Shi ya sa na zo. Kuma ba zan sa sunanka ba."

Shi Inusah, abin da ya sani game da dirama shi ne finafinan gida: wani ya liƙa gemu ya zama Alhaji, wata ta yi kukan ƙarya, a ƙarshe a shirya. Ya ɗauka za ta kwashe maganarsa ta gauraya da ta wasu, ta dama, ta fito da wani abu dabam. Don haka ya zauna a benci ya saki baki. Shekarunsa a New York da yawa, gadi yake yi a wani gini, kuma aikin gadi ba ya barin mutum ya yi hira da kowa. Yarinyar ta iya sauraro. Ya ba ta labarin garinsu Kumasi, da na sanyin farko da ya sha, har ya zarce ya gaya mata abin da ko matarsa Muniratu bai gaya wa ba.

Gidan da suke haya na Alhaji Barmo ne, mutumin Nijar, mai motocin haya. Barmo yana sama, su Inusah a tsakiya, ƙasa kuma, a besmen, ya yanyanka ɗakuna da katako ya zuba samari masu kai abinci a kan keken lantarki. Batiransu duk a jone suke a bango guda, daidai ƙarƙashin gadon da Muniratu take kwana ita kaɗai idan Inusah yana wurin aiki. Ranar da ya dawo ya ji warin roba mai ƙuna yana tasowa ta ƙasan dabe, sai ya fita waje ya buga wa hukumar gari waya. Masu duba gidaje suka zo, aka fitar da samarin, aka ci tarar Barmo. Cikin samarin akwai ɗan ƙanwar Barmo, Jibrin, wanda ya yi ta gararamba babu wurin kwana har aka kama shi aka mayar da shi gida.

Barmo bai yi hayaniya ba. A ƙofar masallaci, yana saka takalmi, ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon. Duk wanda ya buga wayar nan, ya sani ni ma ina da waya." Inusah yana tsaye a gefensa ya ce Allah ya tona asirin mugu. Barmo kuwa ya san cewa bizar Muniratu ta daɗe da mutuwa, don matarsa ce ta samo mata aikin kitso. Waya ɗaya zuwa hukumar shige da fice ta isa.

Da kaka ta shigo, Sa'adiyya ta raba wa unguwa tikiti kyauta. Wasan bayan azahar ne, a wani ƙaramin zaure kusa da unguwar St. George, inda tashar jirgin ruwa take. Mutanen unguwa suka ci ado kamar ranar suna, suka cika layukan gaba, Turawa da ɗalibai suna baya. Inusah ya zauna, Muniratu a damansa. Ana dab da kashe fitila wani ya zube a kujerar hagunsa, ƙamshin turaren da ya sani ya buge shi.

"Mutumin Kumasi, kai ma an jawo ka?" in ji Barmo. "Ni madam ce ta matsa. In na yi barci ka taɓa ni."

Babu kayan ado a kan dandamali, sai kujera ɗaya. Sa'adiyya ta fito ta yi bayani. Ta ce 'yan wasan ba hadda suka yi ba. Kowannensu yana da ɗan abin sauraro a kunne, muryar mai labarin tana shiga, shi kuma yana maimaita ta nan take, da tarinta, da numfashinta, da inda ta sarƙe. Ba a ƙara komai, ba a gyara komai. Sunaye kaɗai aka canza.



Ta farko wata budurwa ce, aka rubuta a bango cewa sunan mai labarin Yaa. Ba ta yi jimla biyu ba mata suka fara zungurar juna, don kowa ya ji mai sayar da waakye, shinkafa da waken nan, ta Park Hill ce, da tsakinta da komai. Aka yi ta dariya. Inusah bai yi ba. Yana duban ƙofar fita, yana lissafin gwiwoyin da zai tsallake kafin ya kai hanya, kuma ta farko ta Barmo ce.

Sai wani dogon saurayi baƙar fata, haifaffen nan, ya zo ya zauna a kujerar. A bango aka rubuta Hakeem. Yaron ya gyara abin kunnensa, ya yi shiru, sai kafaɗunsa suka sauka kamar an ɗora masa shekaru. Ya yi gyaran murya irin na mai kaikayin maƙogwaro, ya ce, "To, magana guda, 'yata."

Layukan gaba suka fashe. Wani daga baya ya miƙo hannu ya girgiza kafaɗar Inusah. Muniratu ta rufe baki da gyale tana kyarma don dariya. Barmo ya buga cinyar Inusah ya bar hannunsa a nan.

"Wallahi kai ne. Wane Hakeem? Har da tarin. Ka ga shegen yaro."

Yaron ya ba da labarin ranar da Inusah ya fara ganin ƙanƙara ya fita da silifa. Ya ba da labarin yadda ya yi ta neman inda ake biyan kuɗin feri, jirgin ruwan da ke ƙetarar da mutane Manhattan kyauta, yana tsoron a ce ya shiga da sata. Turanci da Hausa a cakuɗe, yadda Inusah yake yi, in aka zo Hausar sai fassara ta fito a bango. Yaron bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma bakinsa bai kuskure ba. Jama'a suna ta jin daɗi, Inusah kuwa ya san jerin maganar, don shi ya jera ta. Bayan feri sai aikin gadi. Bayan aikin gadi sai gida.

Ya ce a ransa ta cire. Yarinya ce mai tarbiyya, ta san abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa. Sai ya tuna cewa shi da bakinsa bai ce mata ta cire ba. Ya yi tunanin ya miƙe ya ce cikinsa ne, amma in ya fita maganar ba za ta fasa fitowa ba, kuma zai bar Muniratu a zaune kusa da mutumin. Ya yi tunanin ya yi tari mai ƙarfi, ya faɗi, a kira asibiti. Jikinsa ya ƙi motsi. Gumi yana bin bayansa a cikin riga, hannun Barmo kuma yana nan a kan cinyarsa, da ɗumi, da nauyi.

Yaron ya gama labarin gadi. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya matso gaba, ya rage murya. Zauren ya yi tsit don a ji shi. Da Hausa zalla ya faɗa, don a wannan gaɓar Inusah ya bar Turanci.

"Wannan kuma ni da ke ne. Gidan da nake, mai gidan ya cika ƙasa da yara da batir. Matata a kansu take kwana. Na ji wari. To ni na kira. Ni ne. Har yau yana neman wanda ya yi, muna sallah sahu ɗaya."

Daga baya, inda Turawa suke, aka ji ɗan nishin tausayi bayan sun karanta bango. A layukan gaba babu wanda ya motsa. Hannun Barmo ya ɗaga daga cinyar Inusah a hankali, ya koma kan nasa cikin. Bai juyo ba. Sauran wasan ya wuce, mutum nawa suka hau suka sauka Inusah bai sani ba, numfashin mutumin hagunsa kaɗai yake ji, yana shiga yana fita daidai, kamar na mai barci.

Aka kunna fitila, aka yi tafi. Barmo ma ya tafa. Ya miƙe ya kaɗe babbar rigarsa, ya ce, ba tare da ya dubi Inusah ba, "Yaron nan ya iya Hausa." Sannan ya leƙa ta gabansa. "Madam Muniratu, yaya maganar takardun nan? Har yanzu shiru?"



"Allah ya kawo sauƙi," in ji Barmo. Ya bi layi ya fita, yana laluben aljihu.

Mutanen da ɗazu suke girgiza kafaɗar Inusah suka riƙa wucewa suna duban takalmansu. Sa'adiyya ce ta taho da sauri, fuskarta fal murna.

"Kawu, ka ji yadda suka yi tsit? Malaminmu ya ce naka ne ya fi ƙarfi."

"Sunan kaɗai kika canza, 'yata."

"Eh, ai na ce ba zan sa ba." Ta dube shi, ta dubi Muniratu, murmushin ya fara gushewa. "Akwai wani abu ne?"

Bai tsaya ba. Ya kama hannun matarsa, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, suka fita ta ƙofar gefe. Tashar bas ɗin gida tana hagu. Ya ja ta dama, gangaren da ke sauka tashar feri.

"Ina za mu?"

"Wurin yayarki Suweiba za ki, a Bronx. Yanzu."

"Da wannan kayan? Na jiƙa wake, maganina yana kan firji."

"Zan kawo miki."

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. "Kai ne da gaske?"

"Ni ne."

"Ka iya gaya wa inji, ni ba ka gaya mini ba."

Ya ce, "Ƙila ba zai kira ba. Ƙila ma ya riga ya kira. Ba zan zauna in gwada shi da ke ba."

Suka shiga tashar. Jama'a sun taru a bakin manyan ƙofofin gilashi suna jiran a buɗe. Akwai masu kaki a tsaye da kare, kamar kullum, amma yau Inusah ya ga kamar duk su biyun suke kallo. Ya ce mata kada ta je wurin kitso, kada ta ɗauki wayar da ba ta san lambar ba.

"Kai fa? Can za ka kwana, shi yana samanka?"

"Ni takarduna lafiya lau. In ba a gan ni ba, za a ce gudu muka yi."

"Ai gudun muka yi."

Aka buɗe ƙofofin, taron ya ja ta. Ya tsaya yana bin gyalenta mai ruwan goro da ido a cikin baƙaƙen riguna, shi kaɗai yake haske a wurin. Ita ma kamar ta lura, don kafin ta kai gadar shiga ta zare shi ta cusa a jaka, ta ja hular rigar sanyinta ta rufe ɗankwali. Daga nan bai ƙara gane wace ce ita a cikinsu ba.