Babban Yatsan Mahauci

Ɗan'azumi yana juya tsire a bakin tukuba sa'ad da ya ji ihun. Tun yana ɗan shekara goma yake fawa, ya san kukan mai rai idan ƙarfe ya shige shi. Ya yar da tsinken da ke hannunsa ya ruga.

Lokacin karyar rake ne a fadamar Gazara, shekara biyu bayan sojoji sun dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama. Malam Sada ya sayo injin matse rake daga Zariya, irin wanda doki yake ja yana zagayawa. Ƙarafa uku ne suke murƙushe raken, ruwan ya zuba a daro, a dafa shi a yi mazarƙwaila. Inda leburori suka taru akwai masu cin nama, shi ya sa Ɗan'azumi ya kafa tukubarsa a gefe.

Ran nan Sada ya taso daga wajen suna cikin farar babbar riga, ya biyo don ya duba aiki. Ya ga mai sa rake yana sanyin jiki, ya ture shi, wai bari ya nuna masa yadda ake yi. Ba a sa rake a inji da babbar riga. Kowane lebura a wurin ya san haka, amma ba wanda ya iya gaya wa mai inji. Ƙarfe ya kama hannun riga, riga ta ja hannun mutum.

Maiwada mai kora doki ya rikice, yana ta fizgar linzami, dokin kuwa sai ƙara dannawa gaba yake yi, don tun da aka ɗaura shi a aikin nan bai taɓa tafiya da baya ba. Mutum biyu sun rungume Sada ta ƙugu suna ja.

"Ku sake shi!" in ji Ɗan'azumi. "So kuke ku bar wa inji hannun, ku tafi da sauran jikin?"

Ya cire hularsa ya rufe wa dokin ido, ya damƙe hancinsa, ya sa kafaɗa a ƙirjinsa kamar yadda yake yi wa bijimi mai taurin kai. "Baya, ɗan banza. Baya!" Dokin ya ja da baya taki ɗaya, biyu, uku. Ƙarafan suka juya, suka tofo hannun tare da tsumman riga a nannaɗe. Sada ya zube ƙasa.

Ɗan'azumi ya zaro wuƙa daga ƙugunsa. Nan take wani ya riƙe masa hannu. Malam Tukur ne, wan Sada, mai ba da karatu a zaure, mutumin da bai taɓa miƙa wa mahauci hannu a gaisuwa ba.

"La ilaha illallahu! Kai ɗan fawa, ƙanena ne fa, ba rago ba ne!"

"Riga zan yanka, Malam. In kuma ita kake so a ceta, faɗa mini."

Tukur ya sake shi. Ɗan'azumi ya tsarge hannun rigar har kafaɗa. Yatsu uku sun dagargaje, nama ya tsage daga wuyan hannu har kusa da gwiwa. Bai tsaya kan yatsun ba, jinin ya duba. Ba baƙin jini ne mai malala a hankali ba. Ja ne jawur, yana tsartuwa, ya tsaya, ya sake tsartuwa. Kullum da safe yana ganin irinsa a mahauta, kuma ya san tsawon lokacin da rago yake yi kafin ya daina shure-shure.

Ya miƙar da Sada a rigingine, ya ɗaga hannun sama, ya laluba cikin dantse, ƙasa da hammata kaɗan, har ya ji jijiyar da ke harbawa. Ya danna ta da babban yatsa ya haɗa da ƙashi. Tsartuwar ta ragu, ta koma ɗiga.

Daga nan masu magani suka taso. A ƙauye kowa likita ne muddin jikin wani ne ya tsage. Wannan ya ce a kawo toka. Wancan ya tafi neman ɗanyen kashin shanu. Tukur da kansa ya nuna daron da ke tafasa a kan wuta, ya ce a tsoma hannun ciki, zafi ya toshe bakin jijiyar.

"Malam, nama na sani," in ji Ɗan'azumi. "Wanda ya shiga daron nan ya dahu, ba ya komawa jikin mutum. Mai kashin shanu kuma ya kai gonarsa. Iya Bilki! Ƙyallayen tata da kika wanke da safe, suna ina?"

Tsohuwar da ke tace ruwan rake ta kwaso su daga kan igiya, farare, da ɗumin rana a jikinsu. Ɗan'azumi ya ce a ninka biyu a ɗora kan ciwon. Hannunsa ɗaya yana kan jijiya, ɗayan yana riƙe da hannun a sama, ba shi da na uku. Ya dubi Tukur.

"Durƙusa ka danna nan. Da tafin hannu, da ƙarfi."

Tukur ya dubi jinin, ya dubi rigarsa, ya dubi fuskar ƙanensa da ta fara yin toka-toka. Ya durƙusa.

"Da ƙarfi na ce, Malam. Ba shafa addu'a ba ce."

Ƙyallen ya jiƙe. Tukur ya tashi cire shi, Ɗan'azumi ya hana, ya ce a ɗora wani a kai, a naɗe da na huɗu a ɗaure. Maiwada ya kwanto igiyar doki, ya ce a shaƙe dantsen da ita kowa ya huta.

"Ka taɓa ganin ƙafar akuya da aka ɗaure tamau aka kawo daga Kudan? Kafin a iso ta kumbura ta mutu. In yatsana ya gaza, sai a zo ga igiyarka. Yanzu je ka ɗauko gadon karan da ke bukkar mai gadi."

Tukur ya ce sam. Mutum huɗu su ɗauki ƙanensa a kafaɗa, a kwance, a bi hanya da shi? Ai makara ke nan. A ɗora shi a doki kamar mai rai.

"In ya zauna, ɗan jinin da ya rage zai gudu daga kansa ya suma, ni kuma ba zan iya riƙe jijiya a bayan doki ba. Ranka ya daɗe, zaɓi ɗaya. Ko a ɗauke shi a kwance yanzu zuwa ɗakin shan magani a Makarfi, ko a ɗauke shi a kwance da la'asar zuwa wani wuri."

Tukur ya ba su hanya. Aka ɗora Sada, aka rufa masa bargon mai gadi, aka tokare ƙafafunsa da damin ɓawon rake. Leburori huɗu suka ɗauka, huɗu suka bi don canji. Ɗan'azumi ya ce a riƙe gadon a daidai ƙugu, ba a kafaɗa ba. Shi kuma ya bi gefe a sunkuye, yana tafiya a kaikaice, yatsansa bai bar wurinsa ba.

A bakin wata rijiya mata suka hango su, suka ajiye tuluna suka fara salati, wata har ta ɗora hannu a ka.

"Da ransa!" Ɗan'azumi ya daka musu tsawa. "Ku adana kukanku, ba a yi odarsa ba tukuna."

Sada ya roƙi ruwa. Aka jiƙa masa leɓe kawai. Idanunsa suka fara lumshewa, Ɗan'azumi ya sunkuyo kusa da kunnensa.

"Maigida, kada ka yi mini barci. Sunan da ka je, me aka sa wa jaririn?"

"Uwaisu," in ji Sada, da kyar.

"Madalla. Ragon fa, wa ya feɗe musu?"

"Ba kai ba."

"Na sani. Shi ya sa ka fito da yunwa kana faɗa da leburori. Ka ga inda rowar mutane ta kai ka."

Masu ɗauka suka yi dariya, Sada ma ya motsa baki. Haka aka yi ta tafiya. Aka canja masu ɗauka sau uku, ba a canja Ɗan'azumi ba. Bayansa ya ƙage, gumi yana shiga idonsa ba hannun sharewa. Yatsan ya yi zafi, ya yi raɗaɗi, daga baya ya daina jinsa gaba ɗaya, sai da ido yake tabbatar yana nan.

Da aka hango rumfunan kasuwar Makarfi, Tukur ya matso. Akwai waɗanda suka san gidansu a garin nan, malamai da mutanen hakimi.

"To, an gode. Kawo in karɓe ka, mun kusa shiga mutane."

"Ka san inda jijiyar take?"

"Nuna mini mana."

"Kafin ka same ta, rabin ƙwarya ta zuba. Yana da rabin ƙwaryar da zai bayar?"

Sada ya buɗe ido. "Yaya," ya ce, "bar shi."

Suka ratsa kasuwa a haka, mutane suna darewa, mahauci a gaba da jini har gwiwar hannu, malami a bayansa.

Malam Musa, malamin asibiti na ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, bai ɓata lokaci da gaisuwa ba. Ya wanke hannu, ya kwance ɗaurin, ya shiga cikin ciwon da wani ɗan ƙarfe mai kama da almakashi, ya kama bakin jijiyar ya ɗaure da zare.

"Saki. A hankali."

Yatsan ya ƙi tashi. Sai da Ɗan'azumi ya sa ɗaya hannun ya ɓamɓare shi. Kowa ya zuba wa ciwon ido. Jini bai fito ba.

Malam Musa ya taɓa wuyan Sada, ya daɗe yana ƙidaya a ransa. Ya ce maganar yatsu sai a babban asibiti a Zariya, za a sa shi a motar da ta fara tashi. Amma rai yana nan, kuma hannun da ɗumi har tafi. Sannan ya juyo.

"Wa ya hana a zuba masa toka?"

Aka nuna Ɗan'azumi.

"A wane asibiti ka yi aiki?"

"Mahautar Gazara. Shekara ashirin da takwas."

Malam Musa ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "To, sannu da aiki, Malam," ya koma kan majinyacinsa.

Ɗan'azumi ya fito ya zauna a gindin ɗorawa. Ana kiran azahar. Akwai buta a bakin randa, ya kai hannu zai ɗauka, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa, butar ta kife. Ya sake gwadawa, ta sake kifewa. Leburori suna zaune suna kallo, da 'yan kasuwar da suka biyo su don ganin ƙwaf.

Malam Tukur ya fito daga ɗakin. Ya tsaya jim kaɗan. Sannan ya ɗauki butar ya cika ta, ya tattare rigarsa, ya tsuguna a gaban mahaucin. Ya fara zuba masa.

Ɗan'azumi ya miƙa hannuwan duka biyu, jan ruwa yana gangarawa cikin ƙasa.

"A hankali, Malam," ya ce. "Bi tsakanin yatsu."