Koren Sa Hannu

Kwana goma sha tara na'ura na yi wa Auta numfashi, tun ranar da aka tsamo shi daga tankin ruwan gidansu. Shekararsa shida. Likita ta zaunar da iyayen ta faɗa musu gaskiya: ƙwaƙwalwar ba za ta dawo ba. Ta ajiye musu takarda, in sun yarda a cire na'urar su sa hannu.

Baban ya ce maganar tana wurin Maman. Maman ta ce ai shi ne babba. Kawu, wanda sai ranar ya fara zuwa dubiya, ya ce a kira kwamitin asibiti, ya ji ana yin haka.

Kwamitin ya zauna a ɗakin ajiye kekunan marasa lafiya, don ana fentin ɗakin taro, kowa a kan keke ɗaya. Shugaban kwamitin likitan haƙori ne, layi ne ya zo kansa.

"Ƙa'ida ta ce mu san ra'ayin majiyyaci," in ji shi. "Me yaron yake so?"

Maman ta ce, "Yana so ya tuƙa motar kashe gobara. Kuma ba ya son a yanke masa farce."

"Na hannu ko na ƙafa?" in ji sakatare.

"Duka."

Ya rubuta. Bayan awa biyu kwamitin ya yanke cewa hukunci na iyaye ne.

Da safe Maman ta goge wa Auta fuska, ta daɗe tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ta ce, "Baban Auta, mun riƙe shi don kanmu ne. Ya gaji."

Baban ya gyaɗa kai, ya ɗauki biron likita. Biron ya ƙi rubutu. Na nas ma ya ƙi. Maman ta zazzage jakarta, sai ga guntun fensirin kala na Auta, kore, duk ya tauna gindinsa. Da shi suka sa hannu.

Aka cire bututun na'urar, aka ɗauko Auta aka ɗora wa Maman shi a cinya. Baban ya riƙe ƙafafunsa. Bai kai minti arba'in ba ya cika.

Bayan kwana uku akawun asibiti ya bugo waya. Ya ce ba a karɓar sa hannu da kore, sai baƙi ko shuɗi, saboda haka ba za a iya kashe na'urar ba tukuna.

"Mun binne shi," in ji Baban.

"Allah ya ba da haƙuri. Amma a wurina har yanzu yana gado na huɗu."

Baban ya sa takalmi, ya sayi biro biyu a hanya, ya je ya bi layi.