A-kori-kurar Baba Ta Tsuguna

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma har yanzu kunyarsa ba ta gama sakina ba.

Sai na fara faɗin abin da na kwanta da shi. Baba, wato mahaifin matata Luba, ya ara mini a-kori-kurarsa kwana uku in kwaso albasa daga gona. Da zai miƙo mini makulli, abu ɗaya ya ce: "Ta tsufa, Tasi'u. Kada ka ja komai da ita." Na ce to, kaina a ƙasa. Washegari na ƙulla mata tankin ruwa mai taya, cike taf, na ja shi zuwa inda nake buga bulo. A hanya na ji ƙas, falle ɗaya na sifirin baya ya karye, bayan motar ya zauna. Na je kasuwa na sayo jakunkunan iska guda biyu, irin na roba mai kauri da ake sawa tsakanin jikin mota da ƙarfen tayoyin baya, a hura su motar ta miƙe. Niyyata in sa mata su da safe, in mai da ita tsaye kyam kamar ba a yi komai ba. Na lulluɓe ta da tamfol, na tura kwalin jakunkunan ƙarƙashin gado, na kwanta.

Sai ga ni a cikin motar da rana tsaka, ina tuƙi a wani gari da ban sani ba. Ruwan sama ake yi, amma daga ƙasa yake tasowa ya nufi gajimare, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a cikinta. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni bayan motar ne, yana jan ƙasa, fitilun gaba suna kallon sama.

Na tsaya a wani gini mai allo, an rubuta Ofishin Jin Nauyi. Wata akuya ce a tebur, da tabarau da biro.

"Me ke tafe da kai?" ta ce.

"Motata ce ta zauna."

"Taka ce?"

"Kusan tawa ce."

Ta rubuta "kusan" a takarda, ta buga hatimi, ta cinye takardar. Sannan ta leƙa taga.

"Wannan ba zama ta yi ba, tsugunawa ta yi. Mota ce mai tarbiyya. Nauyin wa take ji?"

Na ce ban sani ba.

"A garin nan nauyi iri ɗaya ne," ta ce. "Wanda ake ɗora wa mota da wanda ake ji gaban suruki, sikeli ɗaya muke sa su. Ka wuce gareji."

Garejin yana cikin aljihun tebur ɗinta. Na shiga.

Bakaniken wani tsohon taure ne, rigarsa duk baƙin mai. Ya sa ƙaho ya ɗaga bayan motar, ya cire tayoyi, ya jingina su da iska suka tsaya. Ya ɗauko jakunkunan daga kwalina, wanda ban tuna na zo da shi ba. Ya zaunar da ɗaya a hagu ɗaya a dama, ya ɗaure ƙarfen sama da jikin mota, na ƙasa kuma da ƙarfen tayoyi, yana matse noti da haƙori. Aiki yake mai tsafta, ba zan zalunce shi ba. Ya ja siririyar mesa daga kowace jaka, ya kauce wa salansa don kada zafi ya narka ta, ya fito da bakunan biyu kusa da lambar mota.

Sai ya tsaya a kan sifirin, ya shinshina.

"Wannan ya karye."

"Ɗan tsagewa ne," na ce.

"Jakar iska ba ta ɗinke ƙarfe, malam. Ɗaga mota take yi, ba ta ƙara mata ƙarfi."

"Na sani. A ɗaga ta kawai."

"Kowa haka yake cewa," ya ce, ya miƙo mini mesa.

Na duba ko'ina ban ga injin iska ba. Na tambaye shi.

"Kai ne injin. Ka faɗi abin da za ka gaya wa mai motar. In maganar iska ce, za ta hau."

Na kai bakina mesar hagu na ce, "Rami na faɗa a titi." Gefen hagu ya ɗago. Na koma ta dama na ce, "Da ma can sifirin ya yi tsatsa." Dama ta ɗago, amma ba ta kamo hagu ba. Tauren ya ce dole su yi daidai, in ba haka ba motar za ta riƙa tafiya a karkace. Na lalubi wata maganar. Sannan na sunkuya, na rage murya, na ce, "Yayan Luba ne ya tuƙa ta ranar Juma'a." Mutumin da ko keke bai iya ba.

Motar ta yi sama gaba ɗaya, har sai da na ɗaga kai.

"Wannan ta fi iska," tauren ya ce. Bai dube ni ba, kuma da ma ya duba da ya fi mini sauƙi.

Ina kan titi kuma. Bayan motar ya fi gabanta tsawo, fitilu suna kallon kwalta. A madubi na ga tankin ruwan yana biye da ni, ba sarƙa ba igiya, yana tangal-tangal. Na leƙo na ce masa ya koma gida.

"Ai kai ka ja ni," ya ce. Ya ci gaba da bina.

Kwana ɗaya na sha, sai ga ƙofar gidan Baba. Yana zaune a tabarmarsa, ruwa yana tasowa ta gefensa ba ya taɓa shi. Motar da ɗazu take tsugune ta tsaya a gabansa ƙiƙam, kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Awakin garin duk sun hau katanga sun jeru suna tuƙa.

Na buɗe ƙofa na sauko, ƙafata ba ta kai ƙasa ba. Ashe iskar ba jakunkunan kaɗai ta cika ba. Na yi ƙoƙarin cire takalmi, ya manne. Na yi ƙoƙarin tsugunawa, gwiwoyina suka ƙi lanƙwasa, sun kumbura tam kamar tayar da aka cika wa iska. Shekara tara ina auren 'yarsa, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Ƙafafunsa na fi sani a kan fuskarsa. Yau ga ni a sama da shi, ina kallon tsakiyar hularsa, har na ga inda aka yi mata ɗan faci da zare mai wani launi. Ban so ganin facin nan ba. Ba nawa ba ne in gani.

"Tasi'u, ka yi tsawo," Baba ya ce.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Motar ba ta ba ka wahala ba ko?"

"Ko kaɗan, Baba."

Na ƙara yin sama kamu ɗaya. Akuyar ofis ta rubuta wani abu ta cinye.

"Madalla," ya ce. "Ka riƙe ta har mako ma. Ni na san wanda na ba wa."

Da zagina ya yi, da na sauko. Wannan maganar ta kai ni daidai indararon gidansa. Tankin ya zo ya tsaya a bayan tabarmar, shiru, yana ɗiga sama. Baba bai waiwaya ba. Na roƙi Allah ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar ta yi nisa.

Tauren ya ɗago kai daga kan katanga.

"Notin yana maƙogwaronka. Ka sassauta shi."

Na buɗe baki in ce, Baba, tankin ruwa na ja da ita. Maganar tana nan, na ji ta a kan harshena. Amma na riga na cika wurin da iska, sai ita ta fara fitowa. Fsss. Baba yana jira. Na sake buɗe baki. Fsss.

Na farka. Luba ce a tsakar gida take zuba ƙullun ƙosai a mai. Gari ya waye sarai. Na kai hannu ƙarƙashin gado, kwalin yana nan da selotef ɗinsa, ba a buɗe ba. Sai na ji wata ƙarar bayan ta man, ƙwan, ƙwan, ana ƙwanƙwasa ƙarfe a hankali.

Luba ta ɗaga labule. "Baba ya zo tun ɗazu. Ya ce kada a tashe ka, ka gaji da aikin albasa."

Na leƙa taga. An yaye tamfol, an naɗe shi tsaf a gefe. Baba, da shekarunsa saba'in da ciwon gwiwarsa, yana tsugune a bayan motar, yana taɓa karyayyen sifirin da ɗan dutse.

Na tura kwalin can ciki da ƙafa, na fita ba takalmi. Tun kafin in isa gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu, na yi ƙasa har sai da na tabbata hularsa ta fi kaina tsawo.

"Baba," na ce, "tankin ruwa na ja da ita."