Akwai Mai Ɗauka?

Ƙa'idar taron tsohuwa ce, kowa ya san ta: wanda ya ce kada a cire abu, shi zai ɗauki nauyinsa. Shi ya sa taron masu kula da Tawada bai cika hayaniya ba. Ra'ayi yana da daɗi a baki har sai an rataya masa aiki.

Tawada manhaja ce ta kyauta da mutum zai buɗe shafinsa da ita a intanet, ya wallafa abin da ya ga dama. Ba ta da mai ita. Cikinta a buɗe yake, mai iyawa ya gyara. 'Yan sa-kai ke riƙe da ita, kuma a wannan Asabar sun taru a wani ɗaki na laburare don tsara makomarta. An kafa makirufo a tsakiyar tebur, domin al'adarsu ce duk mai so ya saurara daga gida.

Dogo ya zauna bakin ƙofa, inda iskar fanka ba ta kaiwa.

Hajiya Ajanda, mai jan taron, ta iso kan batun tsohon akwatin rubutu. Mai Zane, mai tsara fasalin manhajar, ya riga ya nuna sabon, wanda ake jan hoto da yatsa a ajiye inda ake so.

"Tsohon nan fari fat, kamar bangon asibiti," in ji Mai Zane. "Masu amfani da shi ko bas ba za su cika ba."

"Ko mutum ɗaya ne ba mu hana ba," in ji Hajiya. "Amma tun da mai kula da shi ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba wanda ya taɓa shi. Akwai mai ɗauka?"

Kowa ya kau da ido daga Dogo, abin da ya fi kallo ciwo. Matarsa Auta ce ta gina akwatin. Ta gina shi ne don mahaifinta, wanda ciwon suga ya cinye wa ido, yadda kwamfuta za ta karanta masa duk abin da ya taɓa. Dogo ya iya aikin, ya ma fi kowa a ɗakin. Sai dai marigayiyar tana da halin barin 'yan maganganu a tsakanin layukan aikinta, irin su "nan na gaji" ko "Dogo, tukunya na ƙauri". Tun da aka binne ta bai iya buɗe wurin ba.

"Akwai mai ɗauka?"

Tari ya taso masa. Ya yi shi a tafin hannu, ya sunkuyar da kai.

"To, shiru ma magana ce. Za a cire shi a fitowa ta gaba. Sai launin tambari."

Launin tambari ya cinye sauran taron. A nan kam kowa malami ne.

Da la'asar ya biya gidan surukinsa, kamar kowace Asabar. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙaramin firjin da ake ajiye allurar suga. Baba ya yi rayuwarsa yana gyaran kuskure a maɗaba'a. Yanzu kowace safiya yakan rubuta a shafinsa abin da ya tuna na littattafan da ke jere a bayansa, waɗanda yake gane su da kaurinsu da ƙanshinsu. Aikin da ya rage masa ke nan.

"Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da godiya. Kai ya tarin?"

Dogo ya ɗago da sauri ya dube shi.

"Na saurare ku," in ji Baba, yana shafa murfin kwamfutarsa. "Yarinyar nan ta iya jan taro. Ta tambaya, ta sake tambaya. Na ce bari in ji ko akwai namiji a ɗakin. Sai na ji tari. Na ce Allah sarki, ashe ya je."

"Baba, ai sabon ma an ce..."

"An ce. Zo ka buɗe mini shi, mu ji daga bakinsa."

Dogo ya matso a kan gwiwa ya buɗe sabon akwatin. Baba ya ɗora yatsu, ya danna. Muryar kwamfuta ta ce, "Maɓalli." Ya sake dannawa. "Maɓalli. Hoto. Maɓalli."

"Ka ji fasaha," in ji Baba. "Na yi aiki da marubuta irinsa. Kalma ɗaya suka sani, kuma ba sa gajiya da ita."

Da ya yi faɗa, da abin ya zo da sauƙi. Amma ya rufe kwamfutar a hankali, ya ce, "Ba komai. Dama wa ke karantawa? Auta ce kawai, ita ma don ta kama ni da kuskure."

Dogo ya fita tsakar gida ya kira Hajiya Ajanda.

"Hajiya, na ɗauka."

"Haba Dogo! Ana tambaya kana kallon takalminka? Abin da taro ya yanke ba ni ke kwancewa ba, ka sani. In na buɗe maka, gobe mai son tambari shuɗi zai buga mini ƙofa." Ta ɗan sassauta murya. "Amma ai ba a kulle yake ba. Kwashi naka ka riƙe a gefe. Sai dai duk lokacin da muka canza wani abu, kai za ka bi ka daidaita. Kai kaɗai."

Da ya furta kalma ɗaya da safe a taron, da yanzu yana da mutum goma a bayansa. Ya koma ciki, ya ciro tasa kwamfutar daga jaka, ya nemo aikin matarsa. Ya daɗe yatsansa na kan maɓalli kafin ya danna. Layukan suka bayyana, ga ta nan a tsakaninsu.

"Ka yi shiru," in ji Baba. "Me ta ce?"

Dogo ya share maƙogwaro. "Ta ce, wannan wurin karkatacce ne, amma haka Baba ya saba, a bar masa kayansa."

"Karkatacce! Da baƙi biyu ta rubuta shi ko da ɗaya?"

"Da ɗaya, Baba."

"Na sani. Kada ka gyara mata." Ya laluba ya tura masa matashi da ƙafa. "Zauna da kyau, aikin da yawa. Kuma ka nemi maganin tarin nan."